Motar Alhaji Ta Ƙi Wa'azi

Ranar Talata da tsakar rana, wuta ta ɗauke tun safe, Sufeto Alamin yana fifita da bangon wani tsohon fayil, sai ga wani dattijo ya faɗo ofis ko sallama babu. Rawani ya karkace, gumi har gemu.

"Janabu, ranka shi daɗe, an yi mani sata! Ido na ganin ido!"

Sufeto ya san shi. Alhaji Abdussalami ne, dillalin riɗi daga Gidan Sambo, wani ƙauyen Hausawa da ke tsakanin Sinnar da Hajj Abdalla. Mutum ne mai kyauta, mai kuma saurin hawa, irin waɗanda sai sun gama faɗa suke tambayar abin da ya faru. Shi kuwa Sufeto ɗan Hausawan Rusairis ne, shi ya sa duk Bahaushen da ya kwaso ƙara yake tsallake tebur uku ya zo nasa. Abin ya daɗe da isar sa.

"Zauna, Alhaji. Mi anka sace?"

"Amfilifaya!"

Sai da aka sha fama kafin labarin ya miƙe. Alhaji ya sayi mota 'yar Koriya, ta hannu. Rediyon da ta zo da shi rubutun can yake yi, kuma ba shi da wurin sa filash. Alhaji kuwa yana da filash cike da tafsirin da 'yan uwa suka turo masa daga Sakkwato, shi yake so ya riƙa ji a hanya. Jiya Litinin ya kai motar wurin Usta Bilyamin, mai aikin wutar mota a layin makanikai, aka sa masa sabon rediyo mai gilashi. Da ya koma gida bayan la'asar ya sa filash. Gilashi ya kawo haske, sunan malam ya fito, mintoci suna tafiya, amma ko tari motar ba ta yi ba.

"Na buga ma ɗana a Jidda," in ji Alhaji. "Ya ce irin wagga mota tana da wani akwati ɓoye tun daga kamfani, shi ka ƙara sauti shi ba sifikoki. In haske ya zo murya ba ta zo ba, to an ɗauke akwatin."

"Kai ka duba ka ga babu shi?"

"Na duba mana!"

"Ina motar?"

"Ta kai yayata asibiti. Omar ƙanen mai ɗakina na ka tuƙa ta."

"Ustan fa, mi ya ce?"

"Da sahe na shiga hafila, motar haya, na tahi layinsu, na kira shi ɓarawo gaban kowa. Wai in kawo mota shi duba. In kai mashi shi kwashe sauran?"

Sufeto ya aje biro. Ƙarar sata ce, ba mota, ba shaida, sai maganar wani da ke Jidda. Ya ce a kawo motar gobe da safe, ya rubuta abin da zai rubuta, ya ci gaba da fifita.

Laraba da hantsi motar ta iso harabar ofis. Omar ne ya tuƙo ta, wani siririn mutum mai furfura jefi-jefi, idanunsa ja kamar wanda bai yi barci ba. Ya gaida Sufeto da hannu biyu ya koma gefe.

"To, Alhaji, nuna mani inda ka duba."

Alhaji ya zagaya da ƙarfin gwiwa ya buɗe but. Ya ɗaga shimfiɗa, ya kalli safayar taya, ya shafa gefe da gefe.

"Nan... wajen nan dai."

Kofur Aminu, wanda ya taɓa zaman gareji kafin ya sa kaki, ya buɗe ƙofar gaba ya tura kujerar fasinja baya, ya durƙusa.

"Janabu, ga wurin nan."

Sufeto ya sunkuya. Ramukan kusa huɗu, da shatar wani abu mai kusurwa huɗu a kan kafet inda ƙura ba ta taɓa zama ba. Daga gefe kuma ga damin wayoyi an datse su gaba ɗaya, jan ƙarfen bakinsu yana ƙyalli.

"Ka gani!" Alhaji ya daka tsawa. "Ban hwaɗa ba?"

"Ka hwaɗa. Amma ba ka duba ba, Alhaji. Ko inda abin shike ba ka sani ba."

"Duba da rashin duba duk ɗaya na, tunda ga shi babu!"

Sufeto ya juya ga Omar.

"Jiya ina da ina ka tahi da ita?"

"Asibiti, Janabu, da Hajja Ramatu. Munka dawo da azahar. Sai na kai ta bakin tur'a na wanke."

Tur'a ita ce babbar magudanar da ke shayar da gonaki, kuma kowa a can yake wanke abin hawa.

"Ta yi sauti a hannunka?"

"Ko kaɗan. Tun Litinin bebiya ta."

Kafin azahar aka zo da Usta Bilyamin. Kakkauran mutum ne, ya haura arba'in, kan yatsunsa duk tabon dalma. An birkita shagonsa ba a sami komai ba, amma hakan bai hana shehin kasuwa datse ƙofar da kwado ba. Ƙa'idar layin ke nan: duk ustan da takardarsa ta kai niyaba, wato ofishin mai gabatar da ƙara, a kan satar kayan motar mutane, to ya bar shago, ba ya ƙara riƙe sukudireba a wurin. Shekara ashirin da biyu Bilyamin yana wannan shago.

"Kai ka sa rediyon?"

"Ni na, Janabu."

"Akwatin shina nan lokacin?"

"Shina nan. Ba don shi ba ma da aikin minti ashirin na. Sai da na bi wayoyinshi ɗaya-ɗaya na haɗa da sabon musajjal, rediyon nan."

"Ka gwada kahin ka ba shi mota?"

"Na gwada."

"Da mi?"

"Da komi. Rediyo, filash, bulutut, duka sun yi."

Amsar ta fito da sauri, saurin da bai yi wa Sufeto daɗi ba.

"To ta yaya mota za ta yi magana a shagonka, bayan awa guda ta kurumce a gidan mai ita, ba wanda ya shige ta sai shi?"

"Ban sani ba."

"Usta, ɗayanku ƙarya shikai."

"Ba ni ba na!" Bilyamin ya buga ƙirji. "Janabu, ka ga wayoyin? In da ni na, ba ni yankewa. Fulogi na, a danna a zare. Kuma in da sata nika so, sai in ja waya daga sabon musajjal kai tsaye zuwa sifikoki, in tsallake akwatin. Mota ta yi ta waƙa, Alhaji shi shekara goma bai san an ɗauke mashi komi ba."

"Wato ka san yadda aka yi."

"Kowane usta ya sani!"

Maganar ta shiga Sufeto, amma magana ba ta buɗe kwado. Mai ƙara ya kama suna, kaya sun ɓata, kuma hannun ƙarshe da aka san ya taɓa su na Bilyamin ne. Babban jami'i ya leƙo ya ce a tsare shi, fayil kuma ya tafi niyaba gobe Alhamis kafin a tashi aiki. Aka karɓi agogon Bilyamin da wayarsa. Da zai shiga bayan kanta ya waiwayo ya kalli Omar, wanda ke tsaye jikin mota, kamar mai neman wanda zai ce wani abu. Omar ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya fito shan iska ke nan wani tsoho mai sanda ya tare shi a bakin ƙofa.

"Janabu, sunana Mati. Ƙara na kawo. Gonar maƙwabcina tana ihu."

"Tana mi?"

"Ihu! Tun jiya da marece. Tsuntsayen zarzur duk sun bar tashi sun koma tawa, dawata..."

"Baba, tsuntsu za ni kama maka ko gona?"

"A'a, shi mai gonar..."

"Kofur! Rubuta sunanai da garinsu, shi tahi gida. Allah shi ba mu haƙuri."

Tsohon ya tafi yana mita. Sufeto ya koma ciki ransa a jagule, ya zauna ya tasa fayil ɗin gaba. Alhaji ya yi ƙarya, wannan ya tabbata. Ustan ma akwai abin da yake ɓoyewa. Shi kuwa a shekarunsa na aiki babu abin da ya tsana irin ya tura mutum niyaba alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Alhamis da sassafe ya sa Kofur ya tuƙa shi Gidan Sambo. Mutum ɗaya ya rage da ya shiga motar ba a tambaye shi ba.

Sun sami Hajja Ramatu, yayar Alhaji, a ƙarƙashin rumfar kara tana yanka kuɓewa a faifai. Ta girmi Alhaji da shekara goma, ciwon sukari ya rage mata gani amma bai taɓa bakinta ba. Ta sa aka kawo jabana, wato gahawa, ta zuba wa nata kofin sukari cokali uku tana kallon ƙofa.

"Hajja, a kan amfilifayar motar Alhaji na zo."

"Ɗana, ni ban san amfili ba, ban san faya ba."

"Shekaranjiya da kunka tahi asibiti, motar ta yi magana?"

"Ta yi mana. Har ta ba ni tsoro."

Sufeto ya aje kofi.

"Yaya anka yi?"

"Munka hwaɗa wani rami kahin mu hau kwalta, na kai hannu in riƙe wani abu, sai na dafa gilashin nan. Sai wani ƙato ya hwashe da Larabci ta ko'ina, gaba da baya, shina hwaɗin labarin duniya. Na ce a'uzubillahi!"

"Omar ya ji?"

"Kurma na shi? Ya taka birki. Ya kalli gilashin, ya kalli ƙarƙashin kujerata, ya daɗe shina kallo. Sannan ya kashe, ya ce shina cin batir."

"Mi ya hana ki hwaɗa ma Alhaji?"

"Na hwaɗa! Ya ce sukari na ya hau mani kai. Abdussalami tun shina goye ba ya jin magana sai tashi. Kuma shi rediyo ko a gida ba a kunna mashi, wai duk maƙaryata na. Shekara nawa rabon da shi saurara."

A hanyar komawa Sufeto ya yi ta juya maganar Hajja a ransa. Lissafin ya tsaya masa a wuya. Ranar Talata da safe, lokacin da Alhaji yake tsakiyar layin makanikai yana kiran mutum ɓarawo, akwatin yana nan daram a ƙarƙashin kujerar yayarsa. Har lokacin da ya zo ofis ya kai ƙara ma ba a yi satar ba tukuna. To me ya kurumtar da motar ranar Litinin?

Suna isa ya sa aka fito da Bilyamin. Kwana ɗaya kacal, amma fuskarsa ta faɗa.

"Usta, motar ta yi magana ranar Talata da sahe."

"Alhamdu lillahi! To ai..."

"Tsaya. Litinin da la'asar ba ta yi ba. Talata ta yi. Hwaɗa mani yadda haka ka yiwuwa."

Bilyamin ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago.

"Talata mi anka kunna?"

"Rediyo."

"Litinin fa?"

"Filash."

Bilyamin ya dafe kai da hannu biyu.

"Inna lillahi. Janabu, a ba ni sukudireba."

Aka fita haraba. Alhaji yana can zaune a kan benci tun safe, yana jiran ya ga fayil ya tafi da idonsa. Bilyamin ya kwance kusoshi, ya zaro sabon rediyon a hankali har damin wayoyin bayansa ya fito. Ya ware guda biyu da ɗan yatsa. Duka shuɗɗa ne, sai dai ɗaya tana da siririn ratsin fari. An naɗe bakin mai ratsin da baƙin salatif, ba a haɗa ta da komai ba.

"Akwatin nan barci shikai sai an tashe shi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai waya guda da ka kai mashi 'yar wuta ta ce tashi. Ita aka haɗawa da wagga mai ratsin hwari, don ita tana da wuta duk lokacin da musajjal shike kunne. Wagga shuɗiya zalla ta eriya ta. Ba ta kawo wuta sai an sa rediyo. Da an koma filash ta ɗauke, akwati shi koma barci."

"Kai kuma da wace ka haɗa?"

Bilyamin ya nuna shuɗiya zalla.

"Jiya ka ce ka gwada da filash."

"Ban gwada ba. Wuta ta ɗauke, cikin shagon duhu, Alhaji tsaye bisa kaina shina kallon agogo. Da ya tahi salla na kunna rediyo, ta yi ƙara tamam, lafiya lau, na ɗaure. Filash ɗin shina aljihunai."

"To don mi ka yi mani ƙarya?"

"Janabu, shekara ashirin da biyu. Yara nawa na koya ma bambancin wayoyin ga biyu. In ce ban gwada aikina ba?"

Nan Sufeto ya fashe.

"Ya zol, bawan Allah! Ka gwammace ka kwana a ɗakin tsaro da ka ce ka yi kuskure? Da ka hwaɗi gaskiya jiya da tun jiya na san inda na dosa! Kai ƙarya, mai ƙara ƙarya, ni kuma a tsakiya kamar jakin kai niƙa!"

Alhaji ya taso.

"Duk wannan surutu na. Ina akwatina?"

"Alhaji, don girman Allah koma ka zauna."

Sufeto ya dafa murfin motar don ya huce. Da ya ɗaga hannu sai ya ga shatar tafinsa ta fito sarai a cikin ƙura. Ya bi jikin motar da kallo. Ƙura ce ta kwana da kwanaki, ga busasshen baƙin taɓo a bayan tayoyi. Wannan ce motar da Omar ya ce ya wanke shekaranjiya.

"Usta, mai yanke waya maimakon zare fulogi, mi shika nema?"

"Fulogin shika so, da jelar waya. Mai sayarwa ba ya bukata, don duk motar da za a sa ma tana da nata. Wanga waje zai yi aiki da shi."

"Waje? Shina yi ba mota?"

"Ga wanda ya san wuta? Batir guda, lasifika, da talifon. Halas, shi ke nan. Sai ta yi ta ihu har ƙauyen gaba a ji."

Sufeto ya tsaya cak. Sannan ya juya a hankali.

"Kofur. Tsohon nan na jiya mai sanda. Wane gari ya ce?"

Kofur ya ruga ya buɗe littafi.

"Gidan Sambo, Janabu."

Sufeto ya rufe ido. Amsa ta zo har bakin ƙofarsa da ƙafarta, shi da kansa ya kore ta. Ya shiga ofis, ya jefa fayil ɗin a aljihun tebur ya kulle, ya sa makullin a aljihu. Babban jami'i ya yi faɗan da zai yi daga baya.

Da la'asar sakaliya suka ɗauki Mati a ƙofar gidansa, yana ta "ai na hwaɗa, ai na hwaɗa". Alhaji da Bilyamin suna bayan a-kori-kura, kowa ya kalli nasa gefen. Suka bi gaɓar tur'a, gonakin dawa hagu da dama, zangarniya ta yi nauyi ta fara ja. Sauran kwanaki kaɗan a yanka, kuma wannan ne lokacin da janbaki, waɗanda a nan ake kira zarzur, suke sauka dubu-dubu su mai da noman shekara ƙaiƙayi.

Tun daga nesa suka ji. Ƙarar gwangwani, sai tafi, sai muryar namiji: "Haaa! Haaa! Tashi!" Ta yi shiru kaɗan, ta sake farowa, daidai yadda ta yi da farko. A saman gonar Mati tsuntsaye sun yi baƙi ƙirin. A saman ta kusa da ita ko ɗaya babu.

Alhaji ya miƙe tsaye a bayan mota.

"Wannan ai muryar Omar ta!"

A tsakiyar gonar akwai wani dandamali na itace, irin wanda ake hawa a kori tsuntsu. An ɗaure tsohuwar lasifika a kan gora. A ƙasa, cikin inuwar buhu, ga batir ɗin tarakta, ga wayar hannu a cikin kwano, ga wani akwatin ƙarfe mai launin toka da jelar wayoyi. Omar yana zaune a gefe. Da ya gan su bai gudu ba, ya dai miƙe.

"Usta, duba," in ji Sufeto, yana ɗaga murya saboda ihun.

Bilyamin ya durƙusa ya juya akwatin.

"Shi na. Ga tambarin motar. Ga salatif ɗina ma a jikin waya."

"Omar, wannan na wane na?"

"Na saya a Madani, Janabu. Tun bara."

"Tun bara, amma sai shekaranjiya gonarka ta koyi ihu? Ka ce motar bebiya ta, Hajja ta ji ta da kunnenta, kai ma ka ji. Ka ce ka wanke ta, na bar shatar tafina a ƙurarta. In ɗauko wayoyin da ka datse mu gwada baki da baki?"

Lasifika ta ce, "Haaa! Haaa! Tashi!" Omar ya kalle ta, ya kalli ƙasa. Sai ya zauna a kan kunya.

"Ni na ɗauka."

"Omar!" Alhaji ya yi kansa, Kofur ya tare. "Ɗan uwan matata! Da makullin motata a hannunka!"

"Yi magana," in ji Sufeto.

"Da rediyon ya yi ƙara na gane akwatin shina nan. Na yi aikin wutar tarakta, na san abin. Niyyata in mun dawo in hwaɗa ma Alhaji, wallahi. Munka dawo na iske ya riga ya tahi wurinku, gari duk ya ɗauka usta ya sace." Ya share fuska da hannun riga. "Janabu, bara zarzur ba su bar mani ko mudu goma ba. 'Ya'yana biyu sun tahi haƙar zinari arewa. Ni kaɗai na, gona feddan biyar, kusan eka biyar. Tun asuba nika ihu har murya ta ƙare, in na kore su gabas su sauka yamma. Sai Shaiɗan ya ce mani, abin da kowa ya ce an sace, in ka ɗauka wa zai sani? Na ce kwana goma kawai, in yanke dawa in maida shi inda shike."

"Faɗuwa ta zo maka daidai da zama," in ji Sufeto.

"Ban san za a kulle usta ba."

"Jiya a gabanka anka kulle shi. Ya waiwayo ya kalle ka. Ina tsaye."

Omar ya kau da kai. Hawaye suka gangaro masa. Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin kansa da ya ji tausayin, don shi ya ga fuskar Bilyamin da safen nan.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya gyara rawani, ya matsa kusa da Bilyamin, ya yi ƙasa da murya yadda ba kowa zai ji ba.

"To, usta, abin da ya wuce ya wuce. Ka ga kai ma da kuskurenka. Gobe ka zo gida ka maida shi, ka gyara 'yar wayar nan."

Bilyamin ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Kuskurena nawa na, Alhaji, kuma gyaran minti biyu na, ba ni karɓar ko sisi. Amma ba a gidanka ba. Ka kawo motar layinmu ranar Asabar da hantsi, lokacin da kowa ya buɗe. Inda ka tsaya ka kira ni ɓarawo, nan za ka tsaya ka ce ba ni ba na, da muryar da ka hwaɗi ta farko. Shehin kasuwa shi cire kwadonai. Sannan in haɗa waya."

"In na ƙi fa?"

"Sai ka yi ta jin labarin duniya."

Alhaji ya juya. Ya kalli Sufeto neman agaji, Sufeto ya kalli sama.

"Asabar," in ji Alhaji daga ƙarshe, kamar ana cire masa haƙori.

Kofur ya fito da ankwa. Omar ya miƙa hannu da kansa, amma idonsa yana kan batir.

"Janabu, alfarma guda. A bar shi kunne zuwa magariba. Yanzu na lokacin saukarsu."

Sufeto ya waiwaya. Ya kalli zangarniyar da ta kusa yanka, ya kalli baƙin girgijen da ke juyi a kan gonar Mati.

"Kayan shaida na, Omar. Ba ni da ikon bari."

Ya sunkuya ya zare wayar daga kan batir. Muryar ta yanke a tsakiyar "Tashi". Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa yana gudu a tur'a.

Ba su kai ga mota ba tsuntsayen farko suka ƙetaro. Kofur ya riƙe Omar a hannu yana tafe da shi, shi kuwa yana tafiya yana waiwaye. Da suka zo bakin gona ya tsaya ya buɗe baki iya ƙarfinsa don ya yi ihu. Muryar ta daɗe da dishewa, abin da ya fito ko Mati da ke kusa bai ji sosai ba.

"Mu tahi," in ji Sufeto.

Aka sa shi a bayan mota, akwatin a kan cinyar Kofur, aka ja. Har suka hau gaɓar tur'a Omar bai juyo da fuskarsa gaba ba.